Zakaran Baba da maganin tsutsar kabeji

Lokacin da zakaran ya suɓuce min, hannuna ɗaya yana cikin aljihu ina laluben memorin waya, ɗayan kuma mai gadi ya riƙe. Kafin in buɗe baki ya bi ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, ya faɗa harabar gidan rediyo da talabijin na Maraɗi, igiyar ƙafarsa tana jan ƙasa. Ya haye kan wata farar mota, ya miƙe wuya, ya yi cara. Da rana tsaka, wallahi.

"Kai, mi ne ne wanga?" in ji mai gadi. "Wa ya aiko ka?"

"Babana."

"Babanka ya aiko ka gidan gwamnati da zakara?"

"E, da memori."

Ya dube ni tun daga silifa har hula, ya nuna min benci, ya ce in zauna kar in motsa.

To bari in koma baya, tunda kun dame ni. Tun da na dawo Jibiya ba ni da sakat a majalisa, kowa Habu me ka je yi Nijar, Habu yaya can ɗin take. Mudi har yaɗawa yake wai mata na je nema. Zan faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Kun san kabejin Baba na bakin dam. Bana a kansa ya zuba ƙarfinsa duka, har awakin Inna aka sayar aka sayi iri da man injin ban-ruwa. Ya fara naɗe kai kenan tsutsa ta faɗa masa, wata 'yar koriya, ganye ya koma kamar rariya. An fesa maganin kanti, kamar wanka aka yi musu. Kullum Baba ya dawo daga lambu ba ya ko taɓa tuwo.

Ran nan yana zaune a shagon da ake kama talabijin ɗin Nijar, sai ga wani manomi mai jar hula yana nuna kabeji irin nasa sak, da tsutsa irin tasa sak, ana daka 'ya'yan bedi a gefe, wato darbejiya. Daidai inda za a faɗi yadda ake haɗawa shirin ya ƙare. Wata mata ta fito ta ce cikakken darasin yana intanet.

Ni abin da na sani, duk abin da ke intanet wani ne ke zaune da kwamfuta yana tura wa mutane a memori. Babbar wayata kun san tun da gilashinta ya mutu ban sake wata ba. Na je wajen mai dawunlodin na kasuwa, ya duba ya duba, ya ce shi fim da wa'azi da waƙa ke zuwa masa, wannan kaya sai can inda ake yin sa. Shi kenan, na ce ni zan je. Gaskiya ko ba kabeji dama ƙafata tana ƙaiƙayi.

Da safe Baba ya kamo jan zakaransa ya ɗaure masa ƙafa.

"Magani ba a karɓarsa hannu rabbana," ya ce. "In ba a ba mai shi abin hannu ba, ba ya ci. Ka danƙa masa wannan, hannu da hannu. Ni kuwa ko ganye ɗaya ba zan fesa ba sai ka dawo ka ce min ya karɓa."

"Baba, in na samo darasin ai shi kenan."

"Ka ji abin da na ce?"

Na ji.

A mota an matse ni tsakanin wasu mata biyu masu kai robobi kasuwa. Zakara ya yi wa ɗaya kashi a zane, tun daga nan ba ta sake amsa min magana ba. A bakin iyaka wani jami'i ya duba katina, ya dubi zakara.

"Naka na gani. Ina na abokin tahiyarka?"

Na tsaya ina zare ido, sai na ga duk sun fashe da dariya. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce Bakatsine. Ya ce, "A'a, mu ne Katsinawa na ainihi, ku gadin gida muka bar muku. Wuce."

Muna wuce Ɗan Isa layin wayata ya mutu murus. A tashar Maraɗi na zauna wajen mai shayi, aka ba ni burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa har yana yanka dasashi. Da aka zo biya sai lissafinsu na dala ya juya min kai, na buɗe masa tafi ya ɗauki abin da ya ɗauka. Acaɓa kuma kabu-kabu suke ce masa. Hausar tamu ce, amma sai ana cikin magana lafiya lau a wurgo maka Faransanci kamar dutse a shinkafa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni sai da ya zaga da ni unguwar Zariya, ya sauke ni ƙofar wani mai gyaran rediyo, kafin ya gane gidan da nake nufi.

To ka ji yadda na ƙare a kan benci.

Wata mata ce ta fito da zakaran a hannu, ta riƙe shi nesa da jikinta. Ma'aikaciyar gidan ce, kowa Madam Rakiya yake ce mata. Ta ce ana ɗaukar magana a ciki, caran ya shiga, sai an sake. Ta ce na wane ne. Mai gadi ya nuna ni da baki.

Na miƙe na gaishe ta, na zayyana mata komai, na miƙa memori.

"Samari, nan ba a turawa," ta ce. "Yana bisa shafinmu na intanet. Kowa na iya buɗewa."

"To ai shi ya sa na zo wajenku."

"Ba sai ka zo ba. Daga gidanku ma yana buɗuwa."

"Gidanmu fa Najeriya ne."

"Ko Makka ne."

Ta zauna gefen benci ta fiddo wayarta. Ku ji, ashe abin da ake nunawa a talabijin ɗan ɗanɗano ne. A can ciki akwai wajen 'yan makaranta, lakwal suke cewa, aji aji, lissafi da Faransanci da sauran su. Akwai na masu jego, akwai na kiwo, akwai na noma. Wani kallo ne, wani sauraro kawai don masu ƙaramar waya da raunin sabis. Wani da Hausa, wani da Zabarmanci, wani da Fulatanci. Ta yi ta ja da yatsa abin ba ya ƙarewa. Na ce a raina, wannan da lokacin da nake aji aka nuna min, mai yiwuwa da ban riƙa tsallake katanga ba. Mai yiwuwa kuma da na tsallake ɗin.

Ta danna na kabeji. Ga mai jar hula nan, ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ɗan zobe ya hau juyawa a kan hancinsa. Ya juya, ya juya.

"Rezo ne," ta ce, wato sabis. "Akwai mai babbar waya gidanku?"

Na ba ta lambar Anti Zulai, matar yayana. Ta danna ta ce ta aika, in sun taɓa zai buɗe. Ni dai ban ga abin da ya tashi daga wayar ba.

"Nawa ne?"

"Kyauta ne."

"To ga zakaranku."

"Na mi?"

"Na mai maganin."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce maganin ba nata ba ne, ita murya kawai ta ɗora. Na ce to mai gidan. Ta ce gidan na gwamnati ne. Na ce to wa ke karɓar wa gwamnati. Mai gadi ya ce shi yana iya taimakawa, ta harare shi. Na gaya mata sharaɗin Baba, cewa ba feshi sai mai shi ya karɓa. Nan dariyarta ta tsaya.

"Kuma da gaske ba zai fesa ba?"

"Madam, ba ki san Baba ba."

Sai ta ce a Jiratawa aka ɗauki shirin, mai jar hular Malam Ila sunansa, in gwada can. Ta sa min lambarta a 'yar wayata, aka kira ta ciki.

Duk da haka raina bai kwanta da saƙon da ban ga tashinsa ba. Na shiga Sabon Gari na sami wani mai dawunlodin, shagonsa cike da hotunan 'yan kokawa. Na ce darasin gidan talabijin nake so. Ya ce, "An gama," ko dubana bai yi ba. Ya tura, na karɓa, na hau motar Tsibiri, don can Gwaggo Indo take aure, ƙanwar Baba.

Gwaggo ta gan ni da zakara ta ce, "Madalla da ɗan albarka," ta kira a kawo wuƙa. Da ƙyar na ƙwace shi. Da na ba ta labari ta tafa hannu.

"Yaya har yanzu bai canza ba. Ko ƙwayar ciwon kai aka ba shi sai ya ba da goro."

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da kwaɗon zogale cike da kwano. Mutanen nan zogale ba ɗan taɓawa suke masa kamar mu ba, ci suke kamar su suka halicce shi. Bayan nan mijinta ya hura gawayi ya ɗora 'yar buta, shayi a kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar me. Na shanye na tashi, ya ce ina za ni, ai wannan na farko ne. Sai ka sha zagaye uku kafin a sallame ka.

Kafin magariba na ce bari in burge su. Aka aro wayar maƙwabci aka sa memori, gida ya taru. Sai ga wani mutum da farar riga da doguwar rula, yana zana abu mai kusurwa uku a allo, yana zuba Faransanci.

"Ina kabejin?" in ji Gwaggo.

"Yana zuwa."

Muka jira. Ya goge allo, ya zana wani mai kusurwa huɗu. Mijin Gwaggo ya ce wataƙila fasalin lambun yake nunawa. Muka ƙara jira. Maƙwabcin mai wayar ne ya ce wannan karatun masu jarrabawa ne, kuma shi yana so, in bar masa saboda ɗansa. Na bar masa. A zaure na kwana, igiyar zakara ɗaure a babban yatsan ƙafata, don ban yarda da idon da Gwaggo ke masa ba.

Washegari na koma Maraɗi na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Lambu ne iya ganinka, ruwa na bin magudanan siminti, zogale layi layi. Na fara tambayar Malam Ila mai jar hula. Ashe Ila uku ne a garin, kuma jar hula kusan kowane dattijo yana da ita. Na farko mahauci ne, ya ɗaga zakara ya ce ba shi da nauyi. Na biyu ya tafi Tasawa. Sai da na ce wanda ya fito a talabijin, wata mai tallan fura ta ce, "Au, Ila Tele! Bi magudanar nan har ka ga gawo."

Na same shi duƙe yana cire ciyawa, kuma ko hular babu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa zakara da hannu biyu, na ce saƙon Babana ne daga Jibiya, na maganin tsutsa. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka.

Ya ja da baya.

"A'a, ɗana. Ba nawa ba ne. Wata malamar gona ta koya muna. Ni dai an ce in tsaya gaban abin ɗaukar hoto don ina da baki."

"Ina malamar?"

"An maishe ta Damagaram."

"To ka karɓa mata."

"In ci haƙƙin da ba nawa ba? Kuma ita ma ai koya mata aka yi."

"Wa ya koya mata?"

"Wa ya sani?"

Nan na zauna a bakin magudana. Wallahi hawaye ne kawai bai zubo ba. Ina ganin kabejin Baba a idona, tsutsa na ci, ni kuma ina nan ina yawo da kaza ƙasar mutane. In koma in ce ya karɓa? Baba kallo ɗaya yake min ya gane. In tafi Damagaram? Kafin in dawo ko kututture ba za a samu ba.

Malam Ila ya ga halin da nake ciki, ya ce in taso mu je wajen masu dakan. Ashe matan unguwar suna da ƙungiya, duk mako sukan taru ƙarƙashin bishiya da waya ɗaya a cikin kwano, wai don ƙara ta fi fita. Su kunna darasi, su tsayar, su yi gardama, su mayar baya, sannan su tashi su gwada. Shugabarsu matarsa ce, Iya Hassu. Ranar ma na kiwon kaji suke ji, amma saboda ni aka nemo na kabeji, kuma nan ya buɗe ba wani zobe. Malam Ila na cikin waya yana bayani, Malam Ila na waje yana gyara masa. Matan suna ta tsokanarsa wai hular aro ce.

Iya Hassu ta saurari matsalata har ƙarshe.

"Kawo taɓarya a ba shi," ta ce.

"Iya, ni fa namiji ne."

"Tsutsar ta tambaye ka?"

Haka na cire riga na daka 'ya'yan bedi, mata na min waƙa suna tafi. Ta nuna min yadda ake jiƙawa ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu. Ta ba ni wanda suka jiƙa tun jiya, rana ta yi sanyi muka shiga lambu, ta ce ƙarƙashin ganye ake bi, can suke ɓuya. Ta ce kuma kar in kuskura in daka a turmin abinci, shi ya sa nasu daban yake.

"To yanzu," ta ce, "wa ya haɗa maganin ga?"

"Mu."

"Malam ya faɗa cikin waya, mu mun jiƙa, kai ka daka. Duk mai shi yana nan zaune. A yanka."

Na dubi zakaran. Kafin in gama tunani an fige shi. Aka dafa, aka zuba kan dambu. Malam Ila ya ce shi a ba shi fiffike kawai. Ni aka tura wa cinya, wai baƙo ne. Ina ci ina tambayar kaina, yanzu ni na biya ne ko ni aka biya? Har yau ban warware ba.

Nan na kwana. Da safe Iya Hassu ta ƙulla min busassun 'ya'yan bedi a leda, na kama hanya. A iyaka jami'in nan ya gane ni ya ce ina abokin tahiyata, na ce ya samu wajen zama.

Ina shiga gida na tarar ashe tun yammacin da Madam ta aika, Anti Zulai ta taɓa abin ya buɗe, a tsakar gidanmu, kusa da randa. Baba ya kalla har ya haddace. An ma samo bedi an daka, a turmin Inna, fura ta yi ɗaci, Inna ba ta magana da kowa. Ga magani nan cikin bokiti a rufe. Bai fesa ba. Yayana ya roƙe shi, Anti ta roƙe shi, ya ce sai Habu ya dawo.

Yana zaune kan tabarma, ko sannu da zuwa bai min ba.

"Ka ba mai shi?"

"Baba, abin fa ba shi da mai shi ɗaya. Na gwamnati ne, kuma na wata malama ne, kuma na wasu mata..."

"Mai jar hular. Ya ci?"

"Ya ci fiffike."

Ya zuba min ido. Ni ma na tsaya ban sunkuyar da kai ba, don fiffiken dai a gabana aka ci shi.

"Ɗauko bokiti."

Na ce wancan ya daɗe, a zubar, mu daka sabo da wanda na kawo. Ya dube ni, na ce a raina yau zan sha faɗa. Sai ya ce wa yayana ya nemo tsohon turmi.

Komayen kabejin da ke bakin hanya sun riga sun tafi, sai jijiyar ganye. Baba ya dube su, ya wuce. Na ciki muka bi ganye ganye, muka sake bi bayan kwanaki, kuma kun gani da idonku, sun naɗe kai.

Sai wata sabuwa ta ɓullo. Maƙwabtan lambu suka fara sallama a ƙofar gida, wai Malam Habu mai maganin tsutsa. Ni! Na ce yana cikin waya, kyauta ne, ku buɗe. Ba wanda ya yarda. Shi ne na ari wayar Anti na aika wa Madam saƙon murya, ga abin da na ce:

"Salamu alaikum Madam, Habu ne na Jibiya. Kabeji ya tashi, ban da na bakin hanya, wannan kafin in dawo an cinye shi. Baba yana gaishe ki. To ga wata matsala. Mutum huɗu sun zo, ɗaya da ƙwan zabi, ɗaya da agwagwa, sun ce ba za su fesa ba sai an kai wa mai shi, kuma Baba ya ce ni na san hanya. Madam, tsutsa ba ta jira. Don Allah ku samu wani dattijo mai gemu, ku ɗora shi a ƙarshen darasin, ya dubi mutane ya ce an riga an biya, ya karɓa, kowa ya je ya fesa."